Inci Huɗu a Ƙugun Amarya

SHAFI NA 27

Masu turo saƙo tun da sassafe wai na yi jinkiri, to ga shi. Wadda kuma ta rubuto min cewa Amarya raki ne kawai ke damunta, ta nemi wuri ta zauna kafin ta karanta wannan.

*

Alli ta shiga nema.

Wanda ake zana yadi da shi ya ƙare a teburin yanka, Inna kuma tana kan keken ɗinki ba ta son a katse ta, shi ya sa Amarya ta shiga ɗakin baya na shagon ta jawo durowar ƙasa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aurenta da ɗan Inna, tara daga ciki tana aiki a shagon ɗinkin surukar tata, kuma har yau Amarya ake kiranta. Waɗanda aka kawo unguwar bayanta duk sun koma Maman wane da Maman wance. Ita ba a samu sunan da za a jingina mata ba, sai aka bar ta da na ranar farko.

Ba ta ga alli ba. Littafin awo ta gani, an buɗe shi an kifa.

Inna ba ta yi boko ba, amma lamba ba ta ɓace mata. Kowace mai kawo ɗinki tana da gurbinta a littafin, kuma a maimakon suna, ƙyallen yadin da mace ta fara kawowa Inna take maƙalawa a sama da fil. Na Amarya ruwan toka ne mai ɗigon fari. Ta gane shi tun kafin ta ɗaga littafin sosai.

Ƙugu talatin da ɗaya. Talatin da ɗaya. Talatin. Talatin da ɗaya. Haka suka jeru shekara da shekaru.

Na ƙarshe, wanda aka rubuta mako uku da suka wuce, talatin da biyar. An zagaye shi da jan biro har sau biyu. A gefensa an ja 'yan layuka tara a tsaye, an soke uku.

A ƙarƙashin littafin akwai rigar matashi an ɗaure bakinta. Ta kwance.

Rigunan jariri ne guda bakwai, da 'yan huluna. Duk an juya ɗinkin ya koma waje don kada ya karci fata. Ta ƙarshe ba a gama ba, allura tana soke a wuyanta da zare a jiki.

Amarya ta zauna a ƙasa.

Sai yanzu komai ya fito mata fili. Dutsen guga da Inna ta hana ta ɗagawa. Matashin da aka ɗora mata a kujera. Faɗan da ake yi mata in ta hau bene da sauri. Mai shagon turare ta kusa da su, da shekaranjiya ta riƙe mata hannu tana bin cikinta da kallo tana murmushi.

Ciwon Amarya yana da dogon suna a bakin likitoci, endometiriyosis. Likitar mata ta taɓa zana mata shi a takarda. Irin naman da ke shimfiɗe cikin mahaifa ne yake tsirowa a wajenta, a kan ƙwai, a kan hanji, duk inda ya samu wuri. Kowane wata sai ya kumbura ya yi jini, jinin kuma ba shi da ƙofar fita, sai ya zauna ya manne kayan ciki kamar an zuba musu gam. Tun tana 'yar shekara sha huɗu take birgima a ƙasa duk wata, ana ce mata kowace mace haka take ji, ta tashi ta yi shara. An yi mata aiki sau biyu. An gwada dashen ƙwai sau biyu, bai kama ba.

Wata uku da suka wuce aka fara yi mata wata allura mai tsayar da al'ada, jiki ya huta kafin babban aiki. Al'ada ta tsaya. Kumburin ciki bai tsaya ba. Da safe siket ya shige ta lafiya lau, kafin la'asar sai ta ɓalle maɓalli a ɓoye.

Inna ta san da ciwon mara, ta san da ayyukan baya. Allura da babban aikin ne aka ɓoye mata, saboda hawan jini ya kayar da ita wata takwas da suka wuce, hannun dama ya yi nauyi, gefen baki ya karkace, aka ce kada a gaya mata abin da zai tayar mata da hankali.

To ga tsohuwa kwance ba ta da aiki sai kallo. Ta ga matar ɗanta wata uku cur ba ta yi fashin sallah ba. Ta gan ta tana fifita da kwali gumi na zuba, tana ture abinci. Rannan da la'asar ta ce a miƙo mata tef ta auna ta, kada yatsunta su manta sana'a. Tef ya ce inci huɗu. Shekara arba'in Inna tana gane mai ciki da tef tun mijin bai sani ba, kuma ba a taɓa ƙaryata ta ba.

Washegari ta nemi sandarta. Kwana uku bayan nan ta sauko shago ta hau keke.

Yau Litinin. A jakar Amarya akwai takarda mai jiran sa hannunta. Ranar Alhamis za a cire mata mahaifa da ƙwan da ya rage, domin ciwon ya naɗe bututun da ke sauko da fitsari daga ƙodar hagu, ƙodar ta fara kumbura. Likita ba ta yi mata alkawarin ciwon zai tafi gaba ɗaya ba. Abin da ta ce kawai, in aka ƙara jira, ƙodar ce za ta tafi.

Ta ɗauki rigar da ba a gama ba, ta fita ta ƙofar baya.

*

Mijinta yana lungun bayan shago, inda yake gyaran kekunan ɗinki. Injiniya ake ce masa, shi da ko ƙofar jami'a bai taɓa leƙawa ba, Inna ce ta laƙaba masa tun yana yaro yana kwance mata keke. Ya shimfiɗa tsohuwar jarida ya ɗora kan keke a kai, hannunsa duk mai.

Ta ajiye masa rigar a gwiwa.

Sai da ya goge hannunsa da tsumma, yatsa bayan yatsa, sannan ya taɓa ta. Bai yi mamaki ba. Rashin mamakin nan ne ya fi komai yi mata ciwo.

"Ka sani," in ji ta.

Ya ce ta zauna tukuna. Ta ce ba za ta zauna ba.

Sai ya faɗa mata, idonsa a kan jarida. Ranar da aka yi awon, Inna ta kira shi ɗaki ta tambaye shi. Ya buɗe baki zai gaya mata gaskiya, sai ya ga gefen bakin nan da ya karkace yana ƙoƙarin yin murmushi, abin da bai gani ba wata takwas. Ya ce mata ta taya su da addu'a. Iyakar abin da ya ce ke nan.

"Ban yi mata ƙarya ba."

"Ba ka kuma gaya mata gaskiya ba."

"Ki saurara," ya ce, ya ɗaga yatsa wajen bango. Ƙarar keken Inna tana fitowa, tana gudu tana tsayawa, tana gudu. "Wata takwas ina cewa ta gwada ɗaga cokali da hannun nan, ta ƙi. Yanzu allura take zura wa zare."

"Da cikina ta tashi. Ranar Alhamis da me za ta tsaya?"

Ya koma goge hannunsa da tsumma. Ta san wannan halin nasa, na mutumin da ya riga ya shirya magana yana jin kunyar fito da ita ne. Ta ce ya faɗa.

Ya ce ya yi tunani. In aka kwantar da ita ranar Alhamis, sai a ce wa Inna cikin ne ya zube, aka yi mata aiki. Ɓari dai kowa yana yi. Tsohuwa za ta yi kuka ta haƙura, amma za ta san matar ɗanta tana iya ɗauka. Ba sai an ambaci mahaifa ba. Wa zai buɗe ciki ya duba?

Amarya ta dube shi. Mutumin nan ne yake dafa mata ruwa ya ɗura a jakar roba ya ɗora mata a mara. Shi ne ya taɓa ɗauko ta a kafaɗa daga bene har bakin titi ranar da ta suma a banɗaki. Ko sau ɗaya bai taɓa goranta mata haihuwa ba. Da mugu ne, da abin ya zo mata da sauƙi.

"Shekara goma sha ɗaya ba ka ba ni ɗa ba, ban ba ka ba, ban kuma ce laifin kowa ba ne," ta ce a hankali. "Yau ka ba ni na ƙarya, har ka sa masa ranar mutuwa."

"Amarya."

"Bari in gama. Za su cika falo su yi min jaje. Za su ce tunda an fara, wani na tafe. Inna za ta ninke rigunan nan ta ajiye ta ce na gaba. Duk wata ta ɗauko tef. Ni kuma in ɗaga hannu a auna ni, alhali babu komai a ciki sai tabo. Har yaushe? Har ta mutu, ko har in mutu?"

Ya ce to a ɗaga aikin, ko wata biyu ne, Inna ta ƙara ƙarfi.

Ta tambaye shi ko ƙodar ya tambaya ta ce za ta jira.

Nan ya ɗago. Idonsa ya yi ja.

"In kika gaya mata ta faɗi a gabanki, me za ki ce min? Ni kaɗai ta haifa. Ita kaɗai ta rage min."

Ta tsaya da 'yar riga a hannu, allurar da ke wuyan rigar ta soke ta a yatsa, ba ta ma ji ba sai da ta ga jini.

Ƙarar keke ta tsaya.

Muryar Inna ta ratso bango, tana cewa in Injiniya ya gama hira da ƙarfe ya zo ta aike shi. Ya tashi. Amarya ta bi bayansa.

Inna tana zaune da tef a wuya, tabarau a kan karan hanci. Ta ce ya je layin masu yadi ya yanko mata farin auduga yadi uku, mai laushi, da zare ruwan ɗorawa. Ta ce kada ya yarda da bakin mai shago, ya goga yadin a kumatunsa, in ya ji kaushi ya ajiye. Ta ƙara da cewa in ya kawo mata irin na labule kamar wancan karon, shi za ta ɗinka wa hula da shi ya sa ya fita.

Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba. A bakin ƙofa ya waiwayo ya dubi matarsa, kallon roƙo. Ta kau da kai.

*

"Ja labulen nan," in ji Inna. "Zo nan, uwar ɓoye-ɓoye."

Amarya ta ja labulen da ke raba wurin awo da gaban shago. Ta ɓoye rigar jaririn a bayanta, sannan ta ga babu amfani, ta ajiye ta a kan tebur.

Inna ta gani. Ba ta ji kunya ba, sai ma ta gyara tabarau. Ta ce dama ta san za a yi mata bincike, gidan nan ba a ajiye abu. Ta ce ba ta yi magana ba ne don ta ga su ma sun yi shiru, kuma shirun yana da kyau a watannin farko. Mai turare kaɗai ta gaya wa, ita ma don ta kusa fashewa ne. Yanzu doguwar riga za ta yanka mata mai faɗi, ta daina matse mata jika da siket.

"Ɗaga hannu."

Amarya ta ɗaga.

Tsohuwar ta miƙe da ƙyar, ta dafa tebur, ta zagaya tef a ƙugunta. Hannun dama yana rawa, na hagu yana taimakonsa. Ta haɗa bakin tef, ta sunkuya ta duba.

Ta saki. Ta sake zagayawa.

Ƙarfe goma na safe ne. Cikin bai fara tashi ba.

"Talatin da biyu," in ji Inna, kamar da tef ɗin take magana.

Ta ce tef ɗin ya miƙe, tsoho ne. Ta jawo sabo daga durowa, ta ɓare ledarsa da haƙori. Ta auna a cibiya, ta auna ƙasa da cibiya. Ta ce Amarya ta daina janye ciki. Amarya ta ce ba ta janye ba.

"Ciki ba ya komawa baya." Muryar ta canja. "Kin ga jini? 'Yar nan, gaya min, kin ga jini kika ɓoye?"

Ga ƙofar da Injiniya ya nuna mata, a buɗe, Inna da kanta ta buɗe ta. Kalma ɗaya ce. In ta ce e, shi ke nan, a yi kuka a share hawaye, kowa ya tsira.

Ta dubi hannun nan mai rawa. Ta dubi gefen bakin. Ta tuna kwalbar maganin hawan jini tana sama a kan talabijin, matakala goma sha shida tsakaninsu da ita.

"Inna, zauna."

"Ba zan zauna ba."

"Don Allah ki zauna. In ba ki zauna ba ba zan iya faɗa ba."

Ta zauna.

Amarya ta durƙusa a gabanta, ta riƙe hannun daman da hannu biyu, yadda in ya saki za ta ji.

"Babu ciki, Inna. Ba a taɓa yi ba. Ciwon ne yake kumbura ni da yamma ya sace da safe. Sallar da kika ga ban fasa ba, allura ake yi min. Ranar Alhamis za su cire mahaifar."

Ta faɗi sauran da kanta a ƙasa, maganar ƙoda, da bututu, da takardar da ke jakarta. Ba ta ambaci shawarar Injiniya ba. Ta roƙi Inna ta yafe mata. Ba ta san me za a yafe ba, amma shekara goma sha ɗaya ke nan bakinta ya saba da neman gafarar abin da ba ita ta yi ba.

Fanka tana juyawa a sama. Wata mota ta wuce a titi tana ƙara.

Hannun bai saki ba.

Da Amarya ta ɗago, Inna ba ita take kallo ba, 'yar rigar kan tebur take kallo. Babu hawaye. Ta daɗe a haka, har Amarya ta fara shirin rugawa sama ta ɗauko magani.

"Ciwon," in ji Inna. "Yana sauka ta cinyar hagu har gwiwa?"

Amarya ta ce e.

"In kika zaga banɗaki a kwanakin, kamar ana jan reza?"

"E, Inna."

"In mijinki ya kusance ki, kina cije matashi don kada ya ji, ya ce ba kya son sa?"

Wannan ko likita sai da ta tambaya sau uku kafin Amarya ta amsa mata. Ta gyaɗa kai, hawaye suka zubo.

Inna ta ce ta miƙo takardar. Ta karɓa ta juya ta gaba da baya, ba ta iya karanta ko layi ɗaya, amma ta gane gurbin da aka bari fari a ƙasa. Ta ɗora yatsa a wurin.

"Ba ki sa hannu ba."

"A'a."

"Me kike jira?"

"Ke, Inna. Ina tsoron abin da zai same ki."

Tsohuwar ta yi wani sauti a maƙogwaro, ba dariya ba, ba kuka ba. Ta ce ita aka mayar ƙwai ke nan, ana ta lallaɓa ta, alhali yarinya tana ruɓewa a tsaye a gabanta. Ta ce ta leƙa ta ga ko akwai kowa a gaban shago. Amarya ta leƙa, babu kowa.

Sai Inna ta kama bakin rigarta ta ɗaga, ta sassauta zani kaɗan.

Tabo ne, daga cibiya har ƙasa, mai kauri, ya yi fari don tsufa. Ɗinkin ya karkace, an bar ramukan allura gefe da gefe. Wata takwas Amarya tana jinyar matar nan, amma kullum in aka zo wanka sai Inna ta ce a ajiye ruwa a fita, ko da za ta yi awa guda tana fama. An ɗauka taurin kai ne.

"Dubi aikin banza," in ji Inna. "Ko almajirata ta yi min wannan ɗinkin sai ta farke shi."

Ta saki rigar. Ta yi maganar tana kallon bango.

Ta ce a zamaninsu ciwon ba shi da suna. Wasu su ce iska ce, wasu su ce jifa, mafi yawa su ce raki. Ta sha jiƙe-jiƙe har harshenta ya daina jin ɗaci. Wata shekara cikinta ya tashi, dangin miji suka yi ta murna, mata suna shafawa suna yi mata tsiya. Ta san ba shi ba ne, ta ji a jikinta, amma daɗin yadda ake kallonta ya hana ta magana. Wata huɗu tana karɓar barka. Ranar da ta faɗi a bakin rijiya aka kwashe ta sai asibiti. Ta farka ta tarar an cire komai. Ba wanda ya tambaye ta, ba wanda ya ba ta takarda.

"Ni da aka yi wa wannan kuskuren, ni na zo na yi miki shi. Na ga alamun duka, na san su kamar tafin hannuna. Amma ina so, 'yar nan. Son ne ya rufe min ido, na bar tef ya yi min ƙarya."

Amarya ta kifa kai a gwiwarta ta yi kukan da ba ta taɓa yi a gidan ba. Inna ba ta ce ta yi haƙuri ba. Ta bar ta ta yi, tana shafa mata baya da hannun mai nauyi.

Sai da ta lafa ne wani abu ya dawo mata. Shekara tara tana ganin in mata suka cika shago suna labarin naƙuda, wannan ta ce kwana biyu ta yi, waccan ta ce a mota ta haihu, Inna ba ta taɓa sa baki ba. Sai dai ta ƙara taka keke, ƙararsa ta rufe hirar. Amarya ta ɗauka don ita ake yi, tausayinta ake ji.

"Inna," ta ce, "bayan haihuwar Injiniya ke nan aka yi miki?"

Inna ta jawo durowa. Ta ɗauko jan biro, ta duba shi, ta mayar. Ta lalubo shuɗi. Ta shimfiɗa takardar a kan teburin yanka ta danne ta da tafin hannu.

"Sa hannu tukuna."

Amarya ta karɓi biron. Harafin farko ya karkace, amma ta kai ƙarshe. Inna ta hura wa tawadar iska kamar yadda take hure garin alli daga yadi, ta ninke takardar biyu ta miƙa mata. Ta ce ranar Alhamis da ita za a tafi, ko a kujera mai taya ne, kuma duk wanda ya ƙara kiran ciwon nan raki a gabanta zai ji bakinta.

Sannan ta amsa.

"Shekara biyu kafin a haife shi."

Amarya ta ajiye takardar, ta sake riƙe hannun daman Inna.

"Mijin farko ya sallame ni tun ɗinkin bai warke ba. Uban Injiniya ya same ni a bazawara, shi kuma matarsa ta rasu ta bar masa jariri. Yana wata bakwai aka miƙo min shi, duk ƙashi, ba ya karɓar madara a hannun kowa. Ya karɓa a nawa. Ubansa ya sa na yi alkawari ba zan faɗa ba, muka bar garin. Shekara arba'in da ɗaya ban gaya wa ko bango ba. Na gaya miki ne don ki san ana rayuwa bayan Alhamis."

Labule ya motsa.

Ba su ji ƙarar ƙofa ba. Ba su san tun yaushe Injiniya yake tsaye ba.

Farin yadi yana rataye a hannunsa, gefe ɗaya yana jan ƙasa. A kumatunsa akwai ɗan zaren auduga maƙale, inda ya goga ya ji laushi.

Bai dubi matarsa ba. Bai dubi takardar ba.

"Inna," ya ce, muryarsa kamar ta yaron da ya ɓata a kasuwa. "Wata bakwai kika ce?"

Inna ta buɗe baki.

Hannun da ke cikin na Amarya ya saki.